Sun yanka min miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a kan Corolla: in biya ko in ɗauko motata?

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sanin mota ku taimaka min, kaina ya kulle. Corolla ce ƙirar 2010, 'yar Kwatano, shekara huɗu ke nan tana hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Makon jiya ina hanyar makaranta sai fitilar nan mai hoton inji ta kama, motar kuma ta fara karkarwa duk lokacin da na tsaya a danja, kamar mai zazzaɓi. In na taka ta sai ta yi nauyi kafin ta ɗauka. Maigida ya yi tafiya, ni kuma ba na son zaman gareji cikin maza, sai na ce bari in kai ta ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan masu sayar da sababbin motoci, tunda su ne masu abin. An karɓe ni hannu bibbiyu, har da shayi. Na biya 30,000 kuɗin saka kwamfuta. Bayan awa biyu wani saurayi mai farar riga ya kawo min takarda. Wai katalis, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, ya mutu, shi kaɗai 780,000. Kwil huɗu, masu ba fulogi wuta, 240,000, fulogi huɗu, tayimin bel, wanke giya da sabon mai, wanke nozul masu fesa wa inji fetur, da takalmin birki na gaba. Da kuɗin aiki da haraji ya kama miliyan ɗaya da dubu ɗari shida. Na ce zan yi shawara, sai ya ce in na fita da ita a haka inji zai iya bugawa kafin in kai gida, kuma babu ruwansu. Tsoro ya kama ni, na bar ta can na hau adaidaita. Yau kwana biyu. In nemi bashi in biya, ko yaya zan yi?

Abban Jidda: Wa alaikumus salam. Hajiya kar ki biya ko sisi tukuna. Tambaya ɗaya: kin sa hannu a wata takarda cewa su fara aiki?

Maman Sadik: A'a, takardar shigar da mota kawai na sa wa hannu.

Ɗan Tasha: Tab! Anti ai in kika ƙara kaɗan a kan wannan kuɗin sai ki sayi inji sukutum a Ƙofar Ruwa, a ɗora miki, har ki samu canjin shan mai.

Mai Sikana: Ni dai abu ɗaya ne ya fara tsaya min a takardar nan: tayimin bel. Hajiya, Corolla ta 2010 mai inji 1.8, wanda ake kira 2ZR, ba ta da tayimin bel kwata-kwata. Sarƙa ce a cikinta, ta ƙarfe, tana wanka cikin baƙin mai, kuma ba a canza ta bisa lissafin kilomita sai in ta fara ƙara. Tun Corolla ta 2003 ma sarƙa ce. Bel ɗin da ke jikin motarki shi ne na waje, wanda ke juya altaneta da famfon ruwa da kwamfiresan esi, wato fanbel. In shi suke nufi to sun rubuta suna ba daidai ba, kuma ana ganin lafiyarsa da ido, ki buɗe bonet ki duba ko ya tsattsage. In kuwa da gaske tayimin bel suke nufi, to za su karɓi kuɗin abin da babu shi a motar.

Na biyu. Kin biya 30,000 an saka kwamfuta, me kwamfutar ta ce? Ba bayanin mai farar riga nake tambaya ba, lambar da ta fito nake so. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 tana da wani soket a ƙarƙashin sitiyari, in an jona na'ura sai ta fitar da lamba mai harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Wannan lambar ita kika saya da kuɗinki. Ki kira su ki ce su turo miki hotonta.

Baba Kanike: 'Yata, sannu da wannan tashin hankali. Shekara talatin da ɗoriya ina ƙarƙashin mota. Abin da kika kwatanta, karkarwa a tsaye da nauyin ɗauka, fulogi ɗaya ne ba ya wuta, inji na tafiya da ƙafa uku. Yaron da ya yi wata shida a garejina ya san wannan. Kwil huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya, ba annoba ba ce. In duka huɗun sun mutu ai ko tashi motar ba za ta yi ba, balle ki tuƙa ta har wurinsu.

Alhaji Mai Hilux: Ni kam ba zan bi ayarin masu zagin kamfani ba. Motocin ofishinmu guda biyar a kamfani ake musu sabis, kuma ban taɓa nadama ba. Akwai tsada, na yarda, amma araha ba ta ado. Bari in ba ku labarin abin da ya kore ni daga gareji. Camry gare ni a da, na bar ta kwana biyu wurin wani bakanike a Abuja don gyaran shokasoba. Da na ɗauko sai na ji ƙarar salansa ta canza, wari kuma yana shigowa, mai yana tafiya kamar ana zuƙa da tsinke. Ashe sun kwance salansa sun fasa katalis sun kwashe abin cikin, wanda suke kira indomi, suka mayar min da fanko. Sai bayan wata uku wani mai walda ya nuna min ɗinkin. Wa zan kama? A kamfani aƙalla akwai rasit, akwai manaja, akwai inda za ka je ka buga tebur. Kar mu tura baiwar Allah nan ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago.

Baba Kanike: Alhaji, ranka ya daɗe, ban musa maka ba. Akwai ɓarayi a cikinmu, kuma su suka zubar mana da mutunci. Indomin nan ana sayensa da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, shi ya sa yaran banza ke sace shi. Amma wanda ya sace maka da sifana da wanda ya sace maka da biro, duk sunansu ɗaya. Bambancin kawai na biyun ya ba ka shayi.

Ɗan Tasha: Hhhhh Baba ka kashe ni.

Alhaji Mai Hilux: Baba, maganarka da daɗi amma ka bar sauran. Wa yake cire wa mutane tamostat ya ce wai na ƙasar sanyi ne? Wa yake haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa tun daga tayar da mota? Wa yake zuba ruwan leda a lagireto har ya yi tsatsa, ya ɗura 20W-50 a injin da aka rubuta wa mai mara kauri a kan murfinsa? Ba kamfani ba ne.

Mai Sikana: Nan kam Alhaji ya yi gaskiya, kuma ni ma da kanikawa nake aiki kullum. Injin Corollar Hajiya 0W-20 ko 5W-20 aka rubuta masa a littafin Amurka. Akwai wata na'ura a kansa da ke sarrafa lokacin buɗe bawul, da matsin baƙin mai take aiki ta wasu ƙananan hanyoyi, mai kauri yana wahalar da ita musamman da safe. Amma ka je gareji goma, takwas za su ce maka zafin Kano sai mai kauri. Sai dai wannan wata muhawarar ce. Hajiya, lambar fa?

Maman Sadik: Na kira. Da farko ya ce ba sa ba kwastoma, wai sirrin aiki ne. Na ce to a haɗa ni da manaja. Yanzu ya turo: P0302 da P0420.

Mai Sikana: Alhamdu lillahi, ga magana ta fito fili. P0302 na nufin silinda ta biyu ba ta ƙona mai yadda ya kamata. Ta biyu kaɗai, ba huɗu ba, kamar yadda Baba ya faɗa tun bai ga lamba ba. Gwajinsa minti goma ne kuma kyauta: a cire kwil na biyu a musanya shi da na uku, a goge lambar, a tayar. In ta koma P0303 to kwil ɗin ne ya tafi da cutarsa sabon gida, sai a sayi guda ɗaya. In ta tsaya a P0302 sai a duba fulogi, sannan nozul.

P0420 kuma cewa take yi katalis ba ya tace hayaƙi yadda ake so. Ba ta ce ya mutu ba. Lokacin da silinda ɗaya ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur ne ke gangarawa cikin salansa, dole lissafin ya rikice. Sensan da ke bayan katalis in ya tsufa yana kawo wannan lambar, ko ɗan huji a salansa. Ƙa'ida ita ce a fara gyara na farkon, a yi kwanaki ana hawa, a ga ko na biyun zai dawo. Ba a fara da na 780,000.

Amma zan faɗi inda mai farar riga yake da ƙamshin gaskiya. In aka daɗe ana hawa da silinda ɗaya a mace, ɗanyen man nan yana ƙonewa a cikin katalis har ya narkar da shi. In kin ga fitilar tana ƙiftawa maimakon ta tsaya cak, to ki faka. Tafiya daga wurinsu zuwa gareji a hankali ba za ta buga miki inji ba.

Tsohon Ma'aikaci: Na daɗe ina karatu ban tanka ba. Na yi shekara shida a irin kujerar wannan saurayin, a wani kamfani da ba zan ambata ba, don haka bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki.

Hajiya, wanda ya kawo miki takarda ba bakanike ba ne. Da yawanmu ba mu taɓa kwance fulogi ba. Aikinmu tsayawa tsakanin kwastoma da masu gyara, kuma a inda na yi aiki akwai adadin kuɗin da ake so kowannenmu ya shigar a wata. In ka cika akwai ɗan ihisani, in ka gaza wata biyu a jere za ka sha magana a taron Litinin. To mota ta shigo da fitila a kunne, mai ita mace ce ita kaɗai, ba ta yi tambaya ko ɗaya ba. Me kike tsammani?

Takardar da muke bayarwa kashi uku ce a cakuɗe. Akwai abin da ya lalace da gaske. Akwai abin da littafi ya ce lokacinsa ya yi, ko da lafiyarsa ƙalau. Akwai kuma abin da muke kira ƙari, irin su wanke nozul da wanke giya, waɗanda ribarsu ta fi ta komai don kusan duk kuɗin aiki ne. Ba a raba miki su, da gangan, sai a jera su layi ɗaya kamar duk gaggawa ne. Tambayar da muka fi tsana ita ce: a cikin waɗannan wanne ne ya kunna fitilar? Duk wanda ya yi ta, nan take takardarsa ke raguwa.

Ba kuma duka mugunta ba ce, in faɗi gaskiya don Allah. Kamfani ba ya gyara kaya, canzawa yake yi, saboda in ya taɓa mota ta dawo bayan sati biyu shi zai ɗauki asarar. Shi ya sa ake rubuta kwil huɗu: ɗaya ya mutu, sauran sa'anninsa ne, a canza duka a huta. A kan sabuwar mota mai garanti wannan tunanin daidai ne. A kan motar da ta haura shekara goma, mai ita malamar makaranta, zalunci ne ko da ba a yi niyya ba. Sannan kayan da dala ake shigo da su. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Ga dizal, ga kuɗin wuta na Band A da aka ninka fiye da sau uku a Afrilun 2024, ga harajin VAT kashi 7.5. Shayin da kika sha da sanyin da kika ji, duk suna cikin takardar.

Hajiya Babba: Allah ya saka maka da alheri ɗana da ka faɗi gaskiya. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tsoratarwar. Ni ma an taɓa yi min, aka ce in ban canza giya gaba ɗaya ba ba zan kai Zariya ba. Shekara uku ke nan, na je Zariya ya fi sau ashirin da giyar nan. Da sun ga mace sai su ga banki. Maman Sadik, ranar da za ki ɗauko motar ki tafi da ƙaninki ko wani namiji, ko da bai san komai ba, ya dai riƙa gyaɗa kai yana cewa a nuna masa.

Ummu Khalil: Hajiya Babba da girmanki, ni wannan shawarar tana min ciwo duk da na san tana aiki. Sai yaushe za mu daina aron namiji don a yi mana adalci? Ni sikana na saya, wato na'urar karanta lambar mota, 'yar ƙarama mai haɗuwa da waya, ba ta kai kuɗin atamfa mai kyau ba. Kafin in shiga kowane gareji na riga na san lambar. Ranar da na ce wa wani P0171 ce, a duba ko iska na shiga ta wani wuri, sai ya cire hula ya ce Hajiya injiniya ce? Daga ranar farashina ya canza.

Hajiya Babba: 'Yar nan ku ne 'yan zamani. Ni ko saƙon murya sai jikata ta tura min.

Lauyan Unguwa: Ta fuskar doka, a taƙaice. Tunda ba ki ba da izinin aiki ba kuma kin biya kuɗin dubawa, ba su da hurumin riƙe miki mota. Ki karɓi takardar farashin nan da hatiminsu a kai, kar ki bar ta. Akwai dokar kare masu sayayya ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yi wa mai saye bayanin ƙarya ko na yaudara a kan kaya ko aiki, kuma ana shigar da ƙorafi ta shafinsu na intanet. Rubuta tayimin bel a kan motar da ba ta da shi hujja ce mai kyau. Shawarata dai ki fara rubuta wa manajan wasiƙa, sau da yawa a nan ake gamawa. Kuma don Allah kar kowa ya sa sunan kamfanin a nan, kar mu tashi daga masu ƙorafi mu koma waɗanda ake ƙara.

Shugaban Zaure: Na goge saƙonni biyu da suka ambaci suna. A kiyaye.

Abban Jidda: Ƙarin abu ɗaya kan wanke giya, tunda ba wanda ya yi bayaninsa sosai. In motar ta yi tafiya mai yawa ba a taɓa canza man giyarta ba, ni ba na yarda a sa mata injin wankewa mai turawa da ƙarfi. A kwance a tsiyaye, a zuba sabo daidai adadin da ya fita, shi ke nan. Kuma a duba irin man da aka rubuta a littafi ko a kan sandar awo, don Toyota tana da T-IV tana da WS, ba ɗaya ba ne. Kin ce giyar tana fizga ko tana jinkirin shiga?

Maman Sadik: Ko kaɗan. Lafiyarta lau.

Abban Jidda: To a bar kaza cikin gashinta.

Maman Sadik: Salam 'yan gida, na dawo da bayani, ku yi haƙuri kwana huɗu shiru. Na je da ƙanina muka ɗauko ta. Da na tambayi batun tayimin bel a gaban manaja sai aka ce kuskuren rubutu ne, fanbel ake nufi. Na ce to kuskuren har da farashin? Ba wanda ya amsa. Muka tafi a hankali zuwa wurin wani bakanike da abokiyar aikina ta haɗa ni da shi. A gabana ya musanya kwil kamar yadda Mai Sikana ya ce, lambar ta koma P0303. Muka sayi kwil ɗaya da fulogi huɗu na Denso, da kuɗin aiki duka 88,000. Karkarwa ta tsaya tsaf. Na karɓi tsofaffin kayana na sa a but. Amma don Allah in faɗi gaskiya, batun birki kamfani ba su yi ƙarya ba. Da aka cire taya na gani da idona, takalmin ya cinye saura ƙiris ya fara cin faranti. Shi ma na canza. Fanbel ɗin kuwa ya ce zai ƙara shekara.

Alhaji Mai Hilux: Kun gani ko? Da ba su duba ba da tana nan tana yawo da yara a mota babu birki.

Baba Kanike: Alhaji, gaskiya ɗaya cikin bakwai. Ko boka yana dacewa fiye da haka. 'Yata, fulogin nan a ina aka saya? Denso na jabu ya cika kasuwa, kwalinsa har ya fi na gaske sheƙi. In an ba ki huɗu a farashin ɗaya to ki sa ido.

Maman Sadik: Baba a Sabon Gari muka saya, shagon da bakaniken ya ce ya yarda da shi, kuma an ba ni rasit. Sai dai wani abu: yau da yamma ina dawowa fitilar ta sake kamawa. Motar ba ta karkarwa, tana tafiya lafiya. Gabana ya faɗi.

Tsohon Ma'aikaci: Ina jin P0420 ce ta dawo. In ita ce, to mai yiwuwa katalis ɗin ya gaji da gaske, shekarunsa sun kai.

Mai Sikana: Mai yiwuwa, amma ba a yanke ba tukuna. Fitilar a tsaye take ko tana ƙiftawa?

Maman Sadik: A tsaye.

Mai Sikana: To ki kwanta ki yi barcinki, ki je aiki da ita gobe. Ranar Asabar a karanta lambar, a ɗaga motar a duba salansa ko akwai huji ko sabon ɗinkin walda, tunda ta kwana biyu ba a hannunki ba kuma 'yar Kwatano ce, ba mu san abin da aka yi mata tun a tashar jirgi ba. Sannan a kalli aikin sensan baya a kwamfuta inji na zafi. Kar ki yarda kowa ya ce miki a fasa a zubar da indomin a huta, za ki ji wannan shawarar kafin Asabar, na tabbata.

Ɗan Tasha: Wallahi yanzu nake shirin rubuta ta.

Ummu Khalil: Maman Sadik, wace unguwa kike? In kina kusa da Hotoro ki biyo bayan la'asar mu jona tawa, ba sai kin jira Asabar ba.